Ƙara wa inji ƙarfi da garantin mota: lissafin da ya kamata ɗan kasuwar Agadas ya yi

A Agadas mota ba kayan ado ba ce, jari ce. Hilux da Land Cruiser su ne ke kai shinkafa da taliya da mai da ruwan sha Dirku da Bilma, su ne kuma suka riƙa jigilar mutane da kaya zuwa Jado tun da aka gano zinariya a can a 2014, da kuma Cibarakatan. Tun da hukuma ta soke dokar nan mai lamba 2015-36 a watan Nuwamba na 2023, wadda a ƙarƙashinta aka kama direbobi aka tsare motoci da yawa, hanyar Libiya ta sake buɗewa a fili, wasu masu hali kuma suka koma zuba kuɗi a mota. To sai dai akwai wata al'ada da muke ganin ya kamata a tsaya a yi mata lissafi, wato gaggawar kai sabuwar mota gareji a ƙara wa injinta ƙarfi.

Dalilin masu yin haka ba ɓoyayye ba ne. Rairayin Tenere na cin ƙarfin inji, kaya sun yi yawa, direba kuma na son motar da za ta tashi da sauri idan aka yi gamo da ƴan fashi. Abin tambaya a nan shi ne, me mai mota yake bayarwa kafin ya samu wannan ƙarfi?

Garanti alkawari ne na kamfani cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, cikin wani lokaci da aka ƙayyade, za a gyara ba tare da mai mota ya biya ko dala ba. A ƙasashen Afirka da dama Toyota na ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. A Nijar wakilinta shi ne CFAO da ke Yamai, kamfanin da Toyota Tsusho ta Japan ta sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2012, ta mallake shi baki ɗaya a 2016. Wannan alkawari ba kyauta ba ne, kuɗinsa na cikin farashin mota. Shi ya sa sabuwa daga wajen wakili ta fi wadda aka shigo da ita ta Kwatano ko Lome ko Libiya tsada. Ke nan wanda ya zubar da garanti, kuɗinsa ya zubar.

Idan ba a manta ba, tsohon injin Land Cruiser mai suna 1HZ, mai lita 4.2, wanda ya fito a 1990, ba ya da kwamfuta. Makaniki na juya noti a famfon gazuwal ya ƙara mai, mota ta yi ta zubar da baƙin hayaƙi, shi ke nan. Injinan zamani irin su 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8 ba haka suke ba. Suna da ƙwaƙwalwa, ita ke auna man da za a fesa, da lokacin fesa shi, da yawan iskar da turbo zai tura. Ƙara ƙarfi a yau shi ne a jona kwamfuta a sauya umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar, ko a maƙala wani ɗan akwati da zai yaudare ta. Ƙarfi na ƙaruwa, babu musu. Amma zafi ma na ƙaruwa a cikin inji, fiston da turbo da kulochi da giya duk su ɗauki nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Kamfani ya bar wani rata ne da gangan saboda zafin rana da ƙura da gurɓataccen mai. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin bazara, kuma ake sayen mai a jarka a bakin hanya, wannan ratan shi ne ran injin.

Wasu na cewa ai in inji ya buga sai a mayar da ƙwaƙwalwar yadda take, a kai wa wakili kamar ba a taɓa ba. Wannan dabara ta sha kunyata mutane a ƙasashen waje, inda masu motocin gudu suka daɗe suna wannan rigima da kamfanoni. Kamfanin Volkswagen da Audi na Jamus, alal misali, na da wata alama mai suna TD1 da ke shiga tarihin mota da zarar na'urar gareji ta gano an sauya umarnin inji. Ƙwaƙwalwar injinan zamani na ajiye bayanai da yawa, mai bincike kuma ya san inda zai duba.

Bugu da ƙari, ko a Amurka inda doka ta tsaya wa mai saye, ba ta wanke mai ƙara ƙarfi ba. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa wani kayan da ba nasa ba, sai ya nuna cewa kayan ne ya jawo ɓarnar. Saboda haka wanda ya sauya ƙwaƙwalwar inji, idan gilashin ƙofa ya ƙi tashi za a gyara masa. Idan kuwa fiston ya narke, nuna dalili ba ya yi wa kamfani wuya. Mu a nan abin da ke takardar sayen mota shi ne madogara ta farko, kuma irin waɗannan takardu kan ce babu garanti a kan ɓarnar da ta biyo bayan sauyin da kamfani bai yarda da shi ba, ko lodin da ya wuce ƙima. A lura da wannan na ƙarshe, don ƙarin tanki da ƙarin sifirin domin a lafta kaya na iya cire ƙafafu da gindin mota daga alkawarin. Haka nan dokar asiransi ta CIMA, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta wa mai mota ya sanar da duk sauyin da ya ƙara haɗari.

Wannan magana ba ta masu manyan motoci kaɗai ba ce. Uwayenmu mata da ke tara kuɗin adashe su sayi babur ko mai ƙafa uku su ba yaro ya yi kabu-kabu, su ma abin ya shafe su. Sau da yawa mai jari na kasuwa tana awo, direba ne ke kai abin hawa gareji a taɓa shi ba da saninta ba. Ranar da inji ya tsaya, mai shago ya ce an taɓa, asara ta koma kan wadda ba ta san hawa ba balle sauka. Mai tebur da ba ta da ko keke ita ma na biya, domin motar da ta kwana wata guda a gareji kuɗin dakon buhu take ɗagawa.

Shawararmu ga ƴan kasuwa ita ce, wanda ya sayi sabuwa ya bar inji yadda yake har garanti ya ƙare. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku ba ta daɗewa ba ta cika kilomita 100,000 ba, haƙurin ba mai tsawo ba ne. In har akwai sauyin da ya zama dole, a tambayi wakili, a karɓi amsa a rubuce. Mai ba direba abin hawa ya gindaya sharaɗi a gaban shaidu cewa ba a taɓa inji sai da izininsa. Mai sayen ta hannu kuwa ya sa a jona mata kwamfuta kafin ya ƙirga kuɗi, kada ya gaji injin da wani ya riga ya tatse.

Su ma masu sayar da motoci da babura akwai nasu. Tsakanin Agadas da Yamai tafiyar kusan kilomita dubu ce, garantin da sai an yi wannan tafiya kafin a ci moriyarsa ba zai yi daraja a idon ɗan kasuwa ba. Su matso da masu gyaransu kusa, su kuma bayyana sharuɗɗa da Hausa da Tamashek tun ranar ciniki, ba ranar rigima ba. Hausawa na cewa garin neman gira a kan rasa ido. A cikin Tenere kuwa injin da ya buga ba dukiya kaɗai yake ci ba, har da rayukan waɗanda ke bayan mota. Allah Ya kiyaye mana hanya.