Kada Ka Cire Hular Haƙorin Ƙarfe Don Ta Tsufa Kawai

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan akwai haƙorin ƙarfe a bakinka, wannan magana taka ce. Wataƙila likitan haƙori ne ya sa maka shi shekaru da yawa da suka wuce, bayan haƙorinka ya fashe ko ya yi kogo. Wataƙila kuma haƙorin Makka ne, na zinariya ko na azurfa. Yanzu ana ta cewa ƙarfe ya zama tsohon yayi. Wasu ma suna cewa guba ne, a tafi birni a sāke shi da fari. Mutane suna zuwa asibiti da wannan tambaya, wani har ya riga ya sayar da akuya ko buhun masara don kuɗin aikin.

Ga ra'ayina tun da fari. Hular da take zaune daram, babu ciwo, babu wari, babu jini, a bar ta. Wadda ta lalace kuwa, kada a yi jinkiri. Lafiyar haƙorin da ke ƙarƙashi ita ce abin dubawa.

Mece ce hular haƙori?

Hular haƙori murfi ne da ake kifawa a kan haƙorin da ya raunana. Kafin a sa ta, sai likita ya goge haƙorin ta kowane gefe ya rage shi, ya ɗauki awonsa, a ƙera hular, sa'an nan a manne ta. Saiwar haƙorinka tana nan, sau da yawa jijiyarsa ma tana da rai.

Akwai hula ta ƙarfe zalla, wato zinariya da aka gauraya, ko farin ƙarfe. Akwai wadda cikinta ƙarfe ne, bayanta tangaran, irin na farantin cin abinci. Akwai kuma sababbi farare waɗanda ba ƙarfe a jikinsu, kamar wadda ake kira zirkoniya. Sababbin nan suna da kyau, zirkoniya kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Ban ƙi su ba. Wanda za a sa masa hula yau, ya tambayi likita a kansu.

Me ya sa na ce a bar mai lafiya?

Na ɗaya, hula ba ta fita kamar takalmi. Yawanci sai an yanka ta da inji, an ɓanɓare ta. Tsohuwar ta tashi aiki ke nan. Garin haka haƙorin yana iya tsagewa.

Na biyu, kowace sabuwar hula tana cin naman haƙori. Hular zinariya siririya ce, wajen milimita 1 ake rage mata a wurin tauna. Mai tangaran a kan ƙarfe tana bukatar milimita 1.5 zuwa 2. Abin da aka goge ba ya sāke tsirowa. In aka matsa kusa da jijiya, tana iya mutuwa, sai ciwo da kumburi su biyo baya, a ƙarshe a cire haƙorin. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na uku, a haƙoran tauna na can ciki ƙarfe yana aiki sosai. Ba ya ɓarewa kamar tangaran. Zinariya ba ta cinye haƙorin da ke haɗuwa da ita. Hular zinariya da aka yi da kyau tana iya kai shekara 20 ko fiye. Mu kuwa masu cin goro da aya da rake, masu tauna ƙashi, bakinmu yana bukatar abu mai juriya.

Na huɗu, ka yi lissafin hanya. Yawanci aikin ba ya ƙarewa a zuwa ɗaya. Za a ɗauki awo, a sa maka hula ta wucin gadi, ka koma gida, ka sāke dawowa. Wani lokaci sai an aika awon babban birni kamar Yawunde ko Duwala. Ga kuɗin mota, ga ranakun gona da za ka rasa. Kuɗin nan zai iya cike ƙananan kogunan haƙoran 'ya'yanka tun ba su yi zurfi ba.

Maganar guba fa?

Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai cikon haƙori mai launin toka da ake cusawa cikin kogo. Wajen rabinsa zaiba ce, wato ruwan ƙarfen nan da masu haƙar zinariya suke amfani da shi. A shekarar 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage amfani da zaiba, cikon haƙori yana cikin abubuwan da ta shafa. Amma hular ƙarfe ba da zaiba ake ƙera ta ba. Ko cikon nan ma, in yana da lafiya, likitoci ba sa ba da shawara a tone shi haka kawai.

Abin da yake gaskiya shi ne, wasu huluna suna da wani ƙarfe da ake kira nikel, kuma jikin wasu mutane ba ya shiri da shi. An fi ganin haka ga mata. 'Yar'uwa, idan ɗan kunne ko sarƙa mai araha tana sa miki ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma dasashin da ke kewaye da hularki kullum ja ne, ki faɗa wa likita. Wannan dalili ne na sākewa.

Yaushe ya kamata a sāke ta?

Ka zo a duba ka idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Hular tana motsi, ko ta taɓa faɗuwa.
Ta huje, ko ta tsage.
Kana jin zafi in ka tauna, ko in ka sha ruwan sanyi ko shayi.
Abinci yana maƙalewa a gindinta, wari ko ɗanɗano marar daɗi yana fitowa.
Dasashin wurin yana jini, ko ya yi ƙurji mai fitar da mugunya.

Ka sani, hula ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke cikinta yana ruɓewa. Ruɓar takan fara daga bakin hular, inda ta haɗu da dasashi, ta yi ta ci a ɓoye. Hoton asibiti ba ya ratsa ƙarfe, bakin hular da saiwa kaɗai yake nunawa. Shi ya sa yana da kyau a duba ta sau ɗaya a shekara ko ba ka jin kome.

In fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ka zo asibiti a ranar. Kada ka tsaya gasa wurin ko shan ƙwayoyin kasuwa. Irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.

Baƙin layi a gindin hula mai tangaran sau da yawa ƙarfen ciki ne ya bayyana don dasashi ya ja baya. Ba lalle ciwo ba ne. Amma in haƙorin gaba ne, kuma yana hana ka dariya cikin mutane, damuwarka ba wasa ba ce. Ka na da iko ka sāke shi. Ka dai tambayi likita nawa zai rage daga haƙorin kafin ka yarda.

Haƙorin Makka da na kasuwa

Haƙorin Makka abin tunawa ne mai daraja ga mai shi. Sau da yawa kwasfa ce da aka zura a kan lafiyayyen haƙori. In ba ta zauna daidai ba, abinci yana taruwa a ƙarƙashinta. Alhaji, Hajiya, ba a ce ku cire ba. Ku bari a duba bakinta.

Wanda nake roƙonku ku guje masa shi ne mai sa haƙori a kasuwa. Ba ya duba saiwa. In bai dafa kayan aikinsa ba, suna iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani bakin zuwa naka.

Kafin a taɓa hularka

Ka yi wa likita tambaya uku. Mene ne ya lalace? Me zai faru in an bar ta? Nawa ne kuɗin duka, har da dawowa? In amsar ta fari ita ce "ta tsufa" kaɗai, ka nemi wani likitan ya duba. Ka faɗa masa in kana da ciwon sukari ko hawan jini, ke kuma in kina da ciki.

Ka goge baki safe da dare da buroshi da man goge haƙori, ko da asuwaki mai laushi, ka kula da gindin hular. Kada ka buɗe kwalba da haƙori. In hular ta faɗo, ka naɗe ta a tsumma mai tsabta ka kawo, kada ka manne ta da gam. Sau da yawa ana iya mayar da ita. Allah ya ba mu lafiya.