Wai Yaushe Goben Za Ta Waye?

Tun muna firamare ake ce mana yara manyan gobe. Yau wasunmu har furfura ta fara tsirowa, wasu na goye da 'ya'ya, amma goben shiru. Paul Biya na mulkin Kamaru tun 1982, Museveni na riƙe da Uganda tun 1986. Mafi yawan 'yan ƙasashen nan ba su taɓa ganin wani shugaba ba sai su.

A Najeriya an ce an share mana hawaye. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun takara: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Muka yi ta tafi. Da 2022 ta zo, APC ta sa wa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sa miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Mai wannan albashi sai ya shekara fiye da 270 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin fom ɗin APC. Shekarun kawai aka sauke, farashin kuwa ya fi ƙarfin kakanninmu ma.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Su wa ke yi wa 'yan siyasa banga? Su wa ke zagin juna a Facebook saboda an tura musu kuɗin data? Mu ne. A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 ke da rajista, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wanda ya kwana a gida ran zaɓe, da wane baki zai ce an ƙwace masa gobe?

Masu cewa ba mu da ƙwarewa su buɗe tarihi. Malam Aminu Kano na da shekara 30 aka kafa NEPU a 1950. Gambo Sawaba ko ashirin ba ta kai ba ta shiga gwagwarmayar, ta sha ɗauri. A 2024 matasan Senegal sun tsaya kai da fata har Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku ya ci zaɓe yana ɗan shekara 44. A Yunin shekarar matasan Kenya suka tilasta wa Ruto janye dokar haraji, wasu ma sun rasa rayukansu.

Burinmu ba boyayye ba ne: wuta, makarantar da ba ta yajin aiki, aikin da zai hana ƙannenmu bin hanyar Agadas zuwa teku. Ba mai ba mu waɗannan kyauta. Mu yanki katin jam'iyya a mazaɓa, mu nemi kansila, mu tara wa namu kuɗin fom, mu tsare akwati har a gama ƙirge. Duk wanda ya sake ce mana manyan gobe, mu tambaye shi: ran wace rana?