Zuciyar Mata A Hannun Likita

Jama'a, idan jijiyar zuciya ta toshe, likitoci kan ɗebo wata daga ƙafa ko ƙirji su kewaye toshewar. To, binciken da aka buga a Amurka a 2023 ya nuna cikin kowane dubu, mata 28 ke rasuwa sanadin wannan tiyata, maza kuwa 17. Jijiyoyin mata sun fi siranta, sannan sukan zo a makare, ga hawan jini, ga ciwon sukari.

Can ke nan. A ƙasar Katagum, mace ta ce ƙirjinta na zafi, maigida ya ce gyambon ciki ne, a jiƙa kanwa. Assha!