Darasin Tubali a Ƙarƙashin Teku

Duk maginin gargajiya a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ba a tayar da katanga da zallar ƙasa. Sai an cuɗa ta da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, an tattake ta, an bari ta tsima, sannan a dunƙula tubali. Ƙasa tana jure nauyi amma tana tsagewa. Ciyawa kuwa ba ta ɗaukar kaya amma tana riƙe tsaga. In suka haɗu sai a sami abin da ya fi kowannensu ƙarko. Haka Allah ya tsara ƙashin ɗan'adam: zaren furotin mai suna kolajin, wanda gishirin kalsiyam ya lulluɓe.

Wannan hikima ce masana suka ɗauka suka kai ƙarƙashin teku, inda Nijeriya ke haƙo wani babban kaso na manta. Rijiyoyin Bonga, masu nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa, sun fara ba da mai a 2005 daga zurfin da ya haura mita 1,000. Na Agbami sun biyo baya a 2008, na Egina kuma a 2018, a zurfin wajen mita 1,500. Kada ɗalibin Gagarawa ya ce ina ruwansa. Kuɗin wannan mai na cikin abin da ake rabawa daga asusun tarayya, wanda da shi ake biyan malaminsa albashi.

To, me bututun ƙarfe ke fuskanta a can? Duk mita 10 da aka nitsa, dannin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin dannin iskar da ke bisa doron ƙasa, saboda haka a mita 1,500 ya ninka sau 150 ke nan. Ga nauyin bututun kansa, wanda ke rataye daga jirgin da ke tara mai har zuwa ƙasan teku, igiyar ruwa tana kaɗa shi dare da rana. Ga ruwan gishiri yana cin sa ta waje. Ta ciki kuwa akwai maƙiyin da ido ba ya gani, wato wasu bakteriya irin su Desulfovibrio, masu rayuwa inda babu iskar oksijin. Sukan mayar da gishirin salfet ya zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su riƙa ƙwaƙule ƙarfe rami-rami. Tun a 1934 masana a ƙasar Holan suka bayyana wannan ɓarna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma huda ɗaya a teku ba ƙaramar masifa ba ce. Malalar Bonga ta Disamban 2011, wadda ta auku wajen loda mai a jirgi, ta zubar da kimanin ganga 40,000.

Haɗaɗɗen bututu tubali ne na zamani. Akan yi masa ciki da roba mai santsi, a naɗe shi da zaren kabon ko na gilashi da aka jiƙa cikin irin wannan roba, a rufe da wata robar, sannan zafi ya narke su su zama jiki ɗaya. Zaren shi ne ciyawar, robar ita ce ƙasar. Ba ya tsatsa. In aka auna girma ɗaya, haɗin kabon bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ƙarfe ba. Ana naɗe shi a kan ƙaton ƙwarƙwaro kamar zare, a shimfiɗa dogon zango ba walda, da jirgin da bai kai girman na shimfiɗa ƙarfe ba.

Sai dai masu ɗari-ɗari da shi suna da hujja. Zaren kabon yana da tsada, zafi mai tsanani yana raunana roba, bakin da ake haɗa shi da sauran na'urori har yanzu ƙarfe ne, kuma sake sarrafa shi bayan ya tsufa aiki ne mai wuya. An fi shekara ɗari ana nazarin yadda ƙarfe ke gajiya. Sanin halin wannan kuwa bai kai haka tsufa ba. Amma wannan dalili ne na a gwada shi da natsuwa, a fara da gajerun layuka, ba na a juya masa baya ba. Wanda ya dubi kuɗin saye kaɗai, ya manta da kuɗin gyara na shekara ashirin, bai iya lissafi ba. Araha dai ba ta ado.

Wannan kuskuren lissafi yana nan har a gida. Inda famfon tuƙa-tuƙa ke fitar da jan ruwa da asuba, sau da yawa bututun ƙarfen da ke cikin burtsatsen ne ke tsatsa. Tun a shekarun 1980 aka ƙera famfon Afridev da bututun roba. Ba haɗaɗɗe ba ne, amma darasin ɗaya ne: a auna ruwa kafin a zaɓi bututu.

Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su kawo wannan batu cikin aji. A dunƙula tubali biyu, ɗaya da ramno ɗaya babu, a busar, a gwada wanda zai fara karyewa. A jiƙa ƙusa da guntun roba cikin ruwan gishiri na mako biyu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero ta Kano kuma su dubi zaren ramar da ake nomawa a ƙasar Hausa, wanda tuni ake haɗa shi da roba a ƙera sassan mota a wasu ƙasashe. Ba rama ce za ta riƙe man Egina ba, amma yaron da ya fahimci dalilin ƙarfinta ya kama hanyar zama injiniyan da zai duba wancan bututu. In ba a rene shi ba, man na Nijeriya ne, sanin kuwa sai an yi hayarsa daga waje.