Tsakanin Haƙƙin Gida da Haƙƙin 'Ya Mace



A wannan wata zan kai ku jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, wurin wata marubuciya Musulma mai suna Salma, wadda aka haifa a 1968. Tana da shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka kulle ta a gida har aka yi mata aure. A ɓoye ta riƙa rubutu. A 2004 ta fitar da littafinta na hikaya da harshen Tamil, Lakshmi Holmström ta fassara shi zuwa Turanci a 2009 da sunan The Hour Past Midnight.

Labarin wata yarinya ce Rabi'a da matan gidansu. An aurar da Wahida ba a ji ta bakinta ba, Firdausi kuwa ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, ta zama abin nunawa a gari. Abin lura, mata ne ke tsare wa mata ƙofa, don gudun bakin mutane.

Uwargida, biyayya ga iyaye wajibi ce, amma shari'a ta ba 'yarki haƙƙin neman ilimi, ta kuma ce a nemi yardarta kafin aure. Kada tsoron tsegumi ya sa ki tauye abin da Allah Ya ba ta. Ki zauna da ita, ki saurare ta.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.