Dashen Gashi a Turkiyya: Lissafin da Ake Mantawa Kafin a Hau Jirgi

Duk wanda ya ratsa filin jirgin saman Istanbul a 'yan shekarun nan ya ga irinsu: maza da baƙin ƙyalle ɗaure a goshi, ƙeya a naɗe da bandeji, tsakar kai kuma cike da ƙananan ɗigo jajaye. Baƙi ne da suka je dashen gashi suke hanyar komawa gida. Mafi yawansu daga Turai da ƙasashen Larabawa suke, amma da yake jirage suna tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa birnin, tallar kuma ta cika Instagram da TikTok, 'yan Najeriya ma sun shiga sahu. Da dama cikin masu zuwa suna dawowa da abin da suka je nema. Wasu kuwa, bayan shekara guda, sai su tsaya gaban madubi su ga gashi tsilli-tsilli kamar gonar da fari ya kama, ko layin goshi miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, ko ƙeyar da ta yi faci-faci.

Idan haka ta faru akan ce an yi rashin sa'ar likita, kuma wani lokaci gaskiya ne. Amma mafi yawan nadamar tana farawa ne daga wani lissafi mai sauƙi da ba a yi ba kafin a biya kuɗin jirgi: gashin da za a iya dasawa yana da iyaka, sanƙo kuwa ci gaba yake yi, kuma tafiyar kwana uku ba za ta iya sasanta waɗannan abubuwa biyu ba.

Inda gashin yake fitowa

Sanƙon da ya fi addabar maza gado ne. Jiki yana sarrafa wani sinadari daga testosteron, wanda yake sa saiwar gashin goshi da ta tsakar kai ta riƙa ƙanƙancewa sannu a hankali, har silin ya sirance, daga bisani ya daina fitowa. Saiwoyin ƙeya da na gefen kai, a mafi yawan mutane, wannan sinadari ba ya yi musu komai. Shi ya sa dattijo mai sanƙo yake da zoben gashi a bayan kansa. Wani likita a Japan, Shoji Okuda, ya bayyana yadda ake dasa gashi tun a 1939, sai dai yaƙin duniya na biyu ya binne aikinsa. A 1959 Norman Orentreich, likitan fata ɗan Amurka, ya wallafa abin da ya zama ginshiƙin sana'ar, wato gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe da halin ƙeya duk inda aka kai shi.

Mai lambun tumatir ya san irin wannan aiki. Yakan cire dashe daga wurin reno ya kai fili, idan ya ƙare kuma ya sake yafa iri. A nan kamancin ya tsaya, domin ƙeya ba a sake yafa mata iri. Duk saiwar da aka cire ta tafi ke nan, ta bar ɗan tabo a gurbinta.

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, waɗanda suke fitowa ƙungiya-ƙungiya, sili ɗaya zuwa huɗu a tushe guda. Wannan tushen shi ake ƙirgawa, shi kuma ake sayarwa. A ƙiyasin da likitoci suka saba bayarwa, abin da za a iya cirewa daga ƙeyar mutum a tsawon rayuwarsa, ba tare da wurin ya tona asiri ba, bai cika wuce tushe 6,000 zuwa 8,000 ba. Mutumin da sanƙo ya ci masa daga goshi har tsakar kai ya rasa ninki biyu na wannan adadi ko fiye. Saboda haka babu dashen da zai mayar masa da sumar ƙuruciya. Abin da ƙwararren likita yake yi rabon ɗan abin da ya rage ne cikin dabara, ta yadda ido zai ga kamar kan a cike yake.

Yadda ake sayar da shi

Araha ce ta mayar da Istanbul cibiyar wannan kasuwa. Faɗuwar darajar lira, ƙarancin albashin ma'aikata idan aka kwatanta da Turai, da gasa tsakanin ɗaruruwan asibitoci sun sa ana tallata aikin a kan dala 2,000 zuwa 4,000, har da otal da mota da tafinta, alhali a Ingila ko Amurka sai an ninka wannan kuɗi. Ga ɗan Najeriya, tun bayan sakin naira a watan Yunin 2023, ko wannan arahar miliyoyi ce, ban da tikiti.

Turkiyya tana da likitocin dashe da ake girmamawa a duniya, kuma zalunci ne a yi wa ƙasar kuɗin goro. Matsalar tana ga wani salon ciniki da ya yaɗu a can da wasu ƙasashe: asibitin da ke karɓar mutane da yawa a rana guda, likita ya leƙo na 'yan mintoci ya zana layin goshi ya fita, sauran aikin na huda fata da cire saiwa ya koma hannun mataimaka. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta ƙaddamar da gangami a 2019 domin gargaɗi kan barin marasa lasisi suna yin wannan tiyata, gwamnatin Turkiyya ma ta fitar da dokoki na musamman kan wuraren dashen gashi a 2023. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

Cinikin kansa yawanci da dillali ake ƙulla shi ta WhatsApp. Mai sanƙo ya tura hotuna uku ko huɗu, a ba shi amsa cikin awa guda cewa za a dasa masa tushe 5,000 a zama ɗaya. Yakan ji daɗi, yana ganin kamar gyaran da mai awo yake yi wa mai saye ne, a cika mudu har ya yi tozo. Abin da bai lura ba shi ne daga rumbunsa ake ɗibar hatsin. Yawan adadin da aka yi masa alkawari shi ne yawan abin da ƙeyarsa za ta rasa, kuma shi ne abin da ba zai samu ba idan bukata ta sake tasowa bayan shekara goma.

Gashin baƙar fata

Akwai ƙarin abin lura ga mutumin Afirka. Murɗewar gashinsa ba a saman fata ta tsaya ba, saiwar kanta a lanƙwashe take a ƙarƙashi. Ƙarfen da ake cire tushe da shi ɗan bututu ne miƙaƙƙe mai faɗin kimanin milimita ɗaya, don haka hannun da ya saba da gashin Bature ko na Balarabe yana iya gutsure saiwoyi da yawa kafin su fito. Saiwar da aka gutsure ta bar ƙeya, kuma mai yiwuwa ba za ta tsiro a goshi ba, asara biyu ke nan. Tushen gashin baƙar fata bai kai na Turawa yawa a fili ɗaya ba, kodayake murɗewarsa tana rufe fata fiye da miƙaƙƙen gashi, abin da ya sa ƙwararre zai iya cimma sakamako mai kyau da adadi kaɗan.

Haka kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kan taso bayan hudar kunne ko ƙuna. Maza da yawa suna fama da ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan aski, a daidai kusa da wurin da za a ɗebi gashin. Ga mata kuwa, zubar gashin gaban goshi sau da yawa daga matsattsen kitso take, wata kuma daga cutar fata mai kashe saiwa, wadda idan tana kan ci za ta cinye abin da aka dasa. Hoton waya ba ya bambance waɗannan. Sai likitan fata ya duba da idonsa, wani lokaci ma ya yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

Nadama iri-iri

Wata nadamar ta gaggawa ce. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonni biyu zuwa takwas, saiwar ta huta, sabon tsiro ya fara a wata na uku ko na huɗu, kuma ba a yanke hukunci sai bayan wata 12 zuwa 18. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai sha baƙin cikin da haƙuri kaɗai zai magance.

Wata ta rashin kulawa ce. Kwanaki goman farko su ne masu haɗari, lokacin da gugar hula ko susa za ta iya tumɓuke dashen. Amma a rana ta uku mutum yana cikin jirgi, a ta biyar yana cikin zafin Kano ko ƙurar hunturu, wataƙila ya ɗora hula don kada abokan aiki su gane. Idan wurin ya kumbura ko ya fara ruwa, wanda ya yi aikin yana nisan dubban kilomitoci, sai dai a aika masa hoto.

Wata kuma lokaci ne yake kawo ta. Dashe ba ya tsayar da sanƙo. Matashi ɗan shekara 25 da aka cika wa goshi zai ci gaba da rasa gashinsa na asali da ke baya, har wata rana ya wayi gari da tsibirin gashi a gaba da fili fetal a bayansa. Wayne Rooney, ɗan ƙwallon Ingila, ya sanar da duniya dashensa a 2011 yana ɗan shekara 25, a Landan aka yi masa, kuɗi kuma ba matsalarsa ba ne, amma a 2013 sai da ya koma karo na biyu. Magunguna biyu ne aka fi dogara da su wajen rage gudun zubar: minoksidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasteraid a 1997. Amfaninsu yana tsayawa da zarar an daina, ƙwayar kuma tana rage wa wasu 'yan tsiraru sha'awa. Wannan magana ce da ya kamata mutum ya ji, ya auna, tun kafin wuƙa ta taɓa shi.

Mafi muni ita ce ta ɓarnar da ba ta gyaruwa, wato ƙeyar da aka yi wa kwasar ganima. Mai sanƙo na yau da kullum yana da mafita mai araha a wurin wanzami, a yi masa ƙwal-kwabo ya tafi harkarsa. Wanda aka lalata wa ƙeya ya rasa har wannan, domin askin yana fito da dubban tabo, barin sumar kuma yana nuna gurabe. Garin neman gira ya rasa ido. Takardar garantin da aka ba shi ma ba ta da wani amfani, tun da ma'anarta ya sake sayen tikiti ya koma hannun da ya ɓata shi, a ƙara ɗiba daga wurin da ya riga ya ƙare. Shigar da ƙara a kotun wata ƙasa, da wani harshe, ya fi ƙarfin mafi yawan mutane.

Abin da ya kamata a tambaya

Babu abin kunya a son gyaran kai. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta sanya dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin tiyatar da ta halatta. Zolayar da ake yi wa masu sanƙo ita ce take tura su yin shawara a ɓoye, ɓoyon kuwa dillali yake yi wa rana, domin wanda bai gaya wa kowa zai tafi ba babu mai ce masa ya dakata.

Matakin farko a gida yake. Likitan fata a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, zai iya faɗin irin zubar da ke damun mutum, da ko ta lafa, da ko fatarsa mai yin tabo ce. Bayan nan, duk asibitin da za a je, a Istanbul yake ko a Legas, ya kamata ya amsa wasu tambayoyi a rubuce. Wane ne likitan, da sunansa da rajistarsa? Shi zai huda fatar da hannunsa ko wani? Mutum nawa yake yi wa aiki a rana? Ina hotunan masu murɗaɗɗen gashi da ya yi wa aiki, bayan shekara guda, har da hoton ƙeyarsu bayan an yi aski ƙasa-ƙasa? Tushe nawa za a bari domin gaba? Layin goshin da za a zana zai dace da fuskar mutumin yana ɗan shekara 60?

Asibitin da ya ga waɗannan tambayoyi sun yi yawa ya riga ya ba da amsa. Likitan da ya rage adadin da dillali ya faɗa, ko ya ce a gwada magani na shekara guda tukuna, ko ma ya ce wannan kan bai dace da dashe ba, ya fi cancantar a amince masa, domin ya bar kuɗin da ke gabansa saboda ƙeyar da mai ita zai zauna da ita har tsufansa.