Rufe mai da ƙasa ba gyara ba ne

A watan Agusta 2013 gwamnatin Cadi ta dakatar da kamfanin CNPC na Sin a Kudalwa, kudu da Njamena, saboda zuba ɗanyen mai cikin ramuka. A 2014 aka sasanta kan dala miliyan 400.

To, ƴan'uwa makiyaya, an ci tara. Ƙasar fa? Mai ba ya zama inda aka binne shi, tsiyaya yake har ya hau kan ruwan rijiya. Manomi zai nuna gonarsa. Mu masu wucewa da garke, wa ya ƙidaya mu? Muna so a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, a auna ruwan kowace rijiya ta kan burtali, a karanta mana sakamakon a kasuwar shanu, ba a ofis ba.